Abin da ke cikin ɗakin gindin antan

'Yan'uwa manoma da makiyaya, yau da wuya a yi tafiyar yini guda cikin ƙasar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ba a hangi dogon ƙarfen nan mai ja da fari ba. Wasu na ce mashi antan, wasu na ce mashi ƙarfen rezo. Makiyayi na gane hanya da shi, da dare kuma jar fitilarshi na nuna inda gari yake. Idon kowa na bisa, wajen gangunan nan farare da ke rataye. Amma a gindin ƙarfen akwai ɗan ɗaki, wani wuri kuma babban akwatin ƙarfe ne, kullum a kulle, an zagaye shi da shinge. In wayoyin da ke cikin ɗakin nan ba su haɗu daidai ba, dogon ƙarfe ya zama rijiya mai gaba ashirin babu wasaki.

Ranar da rezo ya ɗauke kowa ya san yadda gari ke zama. Mai hatsi bai san nawa tiya ta kwana a kasuwa ba. Ɗan ci-rani ya aiko kuɗi, labari bai iso ba. Mace na naƙuda, ana son a kira mai mota, sai an aiki yaro da gudu shi hau tudu shina ɗaga salula. Mutane su ce iska ce, ko hadari. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa abin bai kai haka girma ba: kan waya ne guda, wanda bai wuce babban yatsa ba, anka ɗaure shi sako-sako tun ranar farko.

Yadda magana ke tsallake daji

In mutum ya buga salula, muryarshi na fara zuwa ga antan mafi kusa. Ta shiga ta dogayen allunan nan da ke can ƙoli, ta sauko ɗakin ƙasa. Na'urar ɗakin ta tara ta da muryoyin sauran mutane, ta ɗaure su wuri guda, ta maida su bisa wajen gangar. Gangar nan faifai ne na ƙarfe mai zurfi kamar kwano, an rufe bakinshi saboda ƙura da ruwa. Ita ke harba maganar zuwa ga wata ganga da ke kallonta daga wani gari. Ma'aikata na kiran wagga hanya feso. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta dami. Sunan ya dace, don kuwa gidan rediyo watsa muryarshi shike ko'ina kamar mai yafa iri, ita ko ganga ɗaure tata take dami guda, ta nufi wuri guda da ita.

Tilas gangunan biyu su ga juna. In tudu, ko dutse, ko dogon gini ya shiga tsakani, magana ta katse. Ita kanta ƙasa doro gare ta. Tsakanin garuruwa biyu masu nisan kilomita 50, doron na tashi fiye da mita 30 a tsakiya. Shi ya sa ake yin ƙarfen da tsawo, shi ya sa kuma ake jera su, wanga na miƙa ma wancan, kamar masu miƙa damma zuwa bakin rumbu. To, ga inda nauyin yake. In ɗaki guda ya lalace a tsakiyar layi, duk garuruwan da ke bayanshi sun yi shiru, ko da nasu kayan lafiya lau suke.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1931 anka gwada ta tsakanin Ingila da Faransa, magana ta ƙetare teku ta faifai masu faɗin mita 3. A Nijar, cikin shekarun 1970 da 1980, gwamnati ta jera irin waɗanga ƙarafa tsakanin manyan garuruwa, don tarho da talabijin. Wancan zamani gidan waya ɗaya ke riƙe da wasiƙa da tarho duka. A 1997 anka ware tarho anka kafa SONITEL, wadda a 2016 anka haɗa ta da SahelCom sunka zama Niger Telecoms. Kamfanin Celtel ya fara aikin salula a 2001, shi ne ya koma Airtel a 2010. Tun daga nan ƙarafan sunka bar bakin babbar hanya sunka shiga ƙauyuka. An binne zaren gilashi tsakanin manyan garuruwa, amma ƙauyen da ke nesa da kwalta har yanzu ganga ce ke kai mashi magana.

Kayan feson da anka fi gani kashi biyu ne. Akwai ƙaramin akwati da ke manne bayan ganga, can bisa, cikin rana da ruwa. Akwai ɗan'uwanshi da ke ƙasa, cikin ɗaki, shimfiɗaɗɗe kamar rediyon mota babba. Ana saka shi cikin armuwar ta ƙarfe mai faɗin kamar santimita 48, a ɗaure shi da ƙusoshin murɗawa huɗu. Masu hawan ƙarfe su ke da aikin bisa. Na ƙasa kuwa aikin mai haɗa waya ne. Ba ya hawa ko'ina, ba mai tsayawa kallonshi, amma wayoyi iri huɗu ko biyar ke jiranshi, kowace da hanyarta.

Wayar ƙasa ce ta fari

Kafin a taɓa komi, wayar ƙasa ake fara ɗaurewa. Ana gane ta da launinta, tsanwa da ɗorawa. Ba ta ɗaukar magana, ba ta ɗaukar wutar aiki. Zaune take kurum tana jiran ranar tsawa. Ƙarfen antan ya fi duk itacen gari tsawo, don haka shi aradu ke fara nema. In ta faɗo, wutarta na son hanya mafi sauƙi zuwa cikin ƙasa. In ta samu hanya ta wuce. In ba ta samu ba, sai ta bi ta cikin na'ura ta ƙone ta.

Cikin ɗakin akwai wani sanda na jan ƙarfe, mai huji-huji, kafe ga bango. Duk wayoyin ƙasa nan suke taruwa: ta armuwar, ta na'ura, ta wurin batura. Daga sandan kuma wata mai kauri ta fita waje, ta haɗu da ƙarafan da anka kafa cikin ƙasa kewaye da gindin antan. Mai aikin kirki na kankare fentin wurin da za shi ɗaure, don ƙarfe shi taɓa ƙarfe. Shina yanke wayar gajera, shi kai ta miƙe, ba ya naɗe saura kamar gammo, don wutar tsawa ba ta son kwana-kwana. Ƙa'idar masu aikin ita ce: wayar ƙasa ake fara sawa, ita ake ƙare cirewa.

A nan ne ɓarayin jan ƙarfe ke yi ma gari ɓarna. Su yanke wayar da rani, su saida ta kuɗi kaɗan. Rezo bai ɗauke ba, don haka ba wanda ya lura. Sai hadarin farko na damina ya zo, sannan gari shi biya bashin abin da bai ci ba.

Wuta, da kuskuren da makaniki ke yi

Na'urar ba ta aiki da wutar gida mai bolt 220. Bolt 48 take so, irin wutar batir. Ko daga NIGELEC wutar ta fito, ko daga injin gazuwal, ko daga faifan hasken rana, sai ta bi ta wani akwati da ke juya ta, shi cika batura, shi ciyar da na'ura. Batir huɗu masu bolt 12 in an jera su, kan wanga ga gindin wancan, su ke ba da 48. In wutar gari ta ɗauke, su ke riƙe rezo.

Ga abin da ke ruɗa mutane. A mota da babur, ɓangaren batir mai alamar ragewa shi ake haɗawa da jikin ƙarfe. A gidan waya akasin haka ake yi: mai alamar tarawa shi ke zuwa ƙasa. Tun zamanin tarhon da ke bin turaku anka zaɓi haka, don jan ƙarfen waya ya fi jimawa bai ci ba. Wanda ya saba da mota, in ya shiga ɗakin nan da sanin mota, sai shi juya wayoyin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Launi ma ba abin dogara ba ne, don wani kamfani shuɗi da baƙi shike aiki da su, wani ja da shuɗi. Saboda haka mai aiki ba ya yarda da idonshi. Sai ya ɗora ma'aunin wuta, ya karanta lamba, ya ga alamar da ke gabanta.

Kafin shi fara, shina cire zobe da agogo. Bolt 48 bai cika jan mutum kamar wutar gida ba, amma baturan nan ƙarfi gare su. Zobe in ya haɗa kawunan biyu, nan take shi yi ja, shi ƙone yatsa. Maɓallin da ke ba na'urar wuta kuwa a kashe shike zama har sai an gama komi. Kan kowace waya ana matsa mata ɗan kunne na ƙarfe da awartaki na musamman, sannan a ja ta da hannu a gani ko za ta zare. Wadda anka murɗe da yatsa kurum anka cusa, yau tana aiki, bayan wata shida ta yi zafi, ta narke robarta.

Akwai wata wuta kuma da ba a gani. Da hunturu, in mutum ya yaye bargo cikin duhu, shi kan ji ƙas-ƙas, shi ga ɗan tartsatsi. Wutar jiki ke nan, busasshiyar iska ke tara ta. Mutum ba ta yi mashi komi, amma ta isa ta kashe ƙananan kayan cikin na'ura. Don haka mai aiki ke ɗaura wani ɗan madauri ga wuyan hannu, mai igiya zuwa jikin armuwar. Wanda bai sani ba sai shi ce laya ce.

Wayar da ke hawa bisa

Wagga ita ce uwar wayoyin, kuma ita ta fi ba da wahala. Baƙa ce, kaurinta kamar yatsa. Ita kaɗai ke haɗa akwatin ƙasa da na bisa. Cikinta magana ke hawa, cikinta magana ke sauka, cikinta kuma wutar da akwatin bisa ke ci take bi. In an yanka ta ana ganin hawa huɗu, kamar karan dawa: zuciya ta jan ƙarfe a tsakiya, farin totuwa kewaye da ita, sannan saƙa ta siraran zaruruwan ƙarfe, sannan baƙar riga.

Sa mata kai shi ne gwajin mai aiki. Shina feɗe rigar daidai tsawon da takardar kayan ta faɗa, ba da ƙiyasi ba. Wuƙa in ta ɗan ci zuciyar, wurin zai karye wata rana. Shi maida saƙar baya, shi taje ta kamar mai gyaran gashi, shi duba da kyau. Zare guda na saƙar, wanda bai kai gashin wutsiyar doki kauri ba, in ya lanƙwasa ya taɓa zuciyar, wuta ta haɗe ke nan. Akwatin bisa ba za shi tashi ba. Sai a yi ta zargin masu hawa, a sa mutum shi hau mita hamsin cikin rana shi sauko, alhali laifin na nan ƙasa, tsakanin yatsu biyu. Shi ya sa bayan an ɗaure kan, tun ba a haɗa wayar da komi ba, ake sa ma'auni tsakanin zuciya da saƙa. In ma'aunin ya yi kuka, sun taɓa juna. A yanke a sake. Mai gaggawa nan ake gane shi, don shi kan ce ai ya duba da ido.

Wayar mai kauri ba ta lanƙwasuwa da sauƙi, kuma ba a tilasta mata. In an karya ta kwana mai tsini, totuwar ciki ta matse, magana ta raunana, ko da daga waje ba a ga komi ba. Don haka ba a kai ta har bakin na'ura. Ana tsaida ta kusa, a ƙara wata 'yar gajera mai laushi ta ida tafiyar. Kuma ba a sa ta, ba a cire ta, sai an kashe wutar akwatin bisa. Wanda ya cire ta da wuta na iya ƙone bakin na'urar.

Wurin da take shiga ɗaki ma da nashi aiki. Kafin ta shiga hujin bango, ana sa ta ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau, kamar wuyan raƙumi. Ruwan sama da ya biyo ta daga bisa sai shi ɗiga nan, ba ya shiga ɗaki. Nan bakin hujin kuma ana haɗa saƙarta da wayar ƙasa, don tsawar da ta biyo ta ta sauka tun daga waje. Sannan a toshe hujin sarai. Hujin da anka bari, ƙofar kusu ce. Kusu haƙoranshi ba su daina tsiro, kullum neman abin gurgura shike, robar waya kuwa ta yi mashi daidai. Bayan kusu ga tsaka, ga zanzaro da ginin laka, ga ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska har na'ura ta yi zafi. Zafin Afirilu da Mayu da ke wuce awo 40 ya ishe ta ba sai an ƙara mata ba. Batura ma zafi ke cin kwanansu.

Baki ga kunne

Saura wayoyin magana, masu haɗa na'urar feso da na'urar salula. A tsofaffin ɗakuna ana samun irin da ake kira E1. E1 guda na ɗaukar maganar mutum 30 lokaci ɗaya, bisa siraran wayoyi huɗu: biyu na kaiwa, biyu na kawowa. Na'ura mai E1 goma sha shida ke nan tana da wayoyi 64 cikin riga guda, kowace da launinta, kowace da gurbinta. Kuskuren da anka fi yi nan shi ne a haɗa mai kaiwa da mai kaiwa. Baki ga baki ke nan, kowa na faɗi, ba mai ji. Tilas bakin wagga na'ura shi je ga kunnen waccan.

Tun da intanet ya shigo salula, wata waya ta fi yawa, irin ta kwamfuta. Zare takwas gare ta, an murɗe su biyu-biyu kamar igiyar kaba. Murɗin ba ado ba ne, shi ke hana hayaniyar wasu wayoyi shiga cikin magana. Don haka wajen sa kai ba a warware fiye da santimita ɗaya da 'yan kai. Jerin da anka fi bi shi ne: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin tsanwa, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, tsanwa, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ɗan koyo sai ya hardace shi kamar karatun allo. Tsawonta kuma ba ya wuce mita 100.

Zaren gilashi shi ne autansu. Ba wuta ke bin cikinshi ba, haske ne. Kaurin gilashin milimita ɗaya ne a raba takwas. Ƙwayar ƙura guda a bakinshi ta isa ta tare hanya, shi ya sa ba a cire 'yar hularshi sai lokacin sawa, kuma sai an goge. Ba a leƙa bakinshi da ido. Hasken ba ya ganuwa, amma shina ɓata ido.

In an gama haɗawa sai shiri. Wayoyin wuta su bi gefe guda na armuwar, na magana su bi ɗaya gefen. A ɗaure su da 'yan madauran roba, ba da matsi ƙwarai ba, a yanke wutsiyar madaurin daidai gindi don kada ta yanki hannun mai zuwa gaba. Kowace waya kuma a manna mata takarda a kai biyu, a rubuta inda ta fito da inda za ta. Wasu na raina wanga aiki, su ce ɓata lokaci ne. Amma wanda ya haɗa ba shi ne kullum ke zuwa gyara ba. Wani ne za shi zo bayan shekara uku, da tsakar dare, da tocila a baki. In ba rubutu, sai shi yi ta ja ɗaya-ɗaya, garin gyaran gari guda shi kashe uku. Mai gadin da ya iya karatu ma na da amfani nan. In an kira shi daga birni, shina iya faɗin lambar da ke jikin ƙofa, da abin da ma'aunin mai ya nuna, ko injin na aiki ko ya tsaya, tun ma'aikata ba su taso ba. Sanin haka ke sa su ɗauko kayan da ya dace, kada su yi tafiyar kilomita ɗari su tarar sun baro abin da ake so.

Daga ƙarshe a tada maɓalli. Fitilu ƙanana su kama, ja da fari, sannan su koma tsanwa ɗaya bayan ɗaya. Mai aiki shi haɗa kwamfutarshi, shi duba ƙarfin abin da ganga ke karɓowa, shi gwada da lambar da ke cikin takardar shiri. Shi kira abokin aikinshi da ke gindin ɗaya ƙarfen, su gwada lambobinsu. In sun yi nisa da abin da anka rubuta, ba a rufe ƙofa. Ko dai ganga ba ta kalli 'yar'uwarta daidai ba, ko dai akwai kan wayar da za a sake. In sun dace, ana barin na'ura ta kwana ta yini tana aika ma kanta saƙo tana ƙidaya kurakurai, awa 24, sannan a ɗora mata maganar jama'a.

Kafin su tafi, ma'aikatan na ɗaukar hoton kowane haɗi, su share ɗakin. Guntayen roba, da wutsiyoyin madauri, da 'yan zaruruwan ƙarfe, cikin buhu ake zuba su a tafi da su. Ba a watsa su bayan shinge, don nan awaki da tumakin gari ke kiwo, kuma makiyayi ya san abin da roba ke yi cikin tumbin dabba. In yara sun tsinci guntun zaren gilashi, a karɓe shi da takarda, kada a kama da yatsa. Shina shiga fata kamar ƙaiƙayi, ba ya ganuwa balle a cire.